Kar, kalando ko taksi: wanne zai fisshe ka a Injamena?

Ƙanena ɗan gidan innata ne ya turo min murya ta WhatsApp daga Garwa, wai bayan sallah zai taho Injamena ya zauna a shagon wani ubangidansa a babbar kasuwa, yake tambaya wai Yaya a can me ake hawa, kuma nawa zan ware duk wata na kuɗin mota? Na fara bashi amsa da murya sai naga abun yafi ƙarfin minti biyu, shine nace bari kawai in zauna in rubuta yadda shi zai karanta, sauran 'yan uwa masu tahowa daga Marwa da Ngaundere da Kuseri suma su amfana, tunda kusan duk wanda ya sauka wajena tambayar nan ce ta farko bayan gaisuwa.

Toh ƙanena, abu na farko ka cire Garwa daga ranka. A can kana fitowa ƙofar gida ka ɗaga hannu mashin ya tsaya, ba ruwan kowa da wata bas, garin ma bai kai girman da zaka ji kuɗin a jikinka ba. Nan ba haka bane. Injamena ta baje ne kamar tabarma a bakin kogin Shari, arondisma wato gunduma goma ne, daga Farsha ta yamma zuwa Gasi ta gabas tafiya ce ta gaske, ga kuma Waliya da Tukra da Ngeli a ƙetaren kogi. In kace komai a kan mashin zakayi kamar yadda ka saba, wallahi rabin abun da ubangidanka zai baka a hanya zai ƙare.

Abun hawa na haya uku ne a garin nan. Akwai kar, akwai kalando wato mashin ɗin haya, akwai taksi mai launin ɗorawa. In kaji nace bas toh kar nake nufi, wato ƙananan motocin nan Toyota Hiace, kada ka tsaya a bakin titi kana jiran doguwar bas mai lamba da tikiti irin na Socatur da ka gani a Duwala. Manyan bas da zaka riƙa gani a nan yawanci ko na ɗaliban jami'a ne masu zuwa Tukra da Farsha, ko kuma na ajans masu tafiyar Mundu da Sar da Abeshe. Mu talakawan cikin gari kar ce tamu.

Kafin in shiga wanne yafi wanne bari in koya maka lissafin kuɗi, don a nan baƙo yake fara jin kunya. Kuɗin dai ɗaya ne da na Kamaru, sefar nan ta BEAC, babban bankin ƙasashenmu, ba sai ka canja komai ba. Amma da Larabcin Chadi da riyal ake ƙirga, riyal ɗaya kuwa faran 5 ne, daidai da dalarmu. Kai kuma ka saba ƙirga da Faransanci tunda ɗan lakwal ne kai, shine nake ji maka tsoro. In yaron mota yace ishirin, 100 yake nufi. Arba'in 200. Hamsin 250. In ɗan kalando yace maka miya, toh ba miyar kuka bace, riyal ɗari kenan wato 500. Akwai wani baƙona da ya taɓa zuwa, ya hau kalando daga tasha har ƙofar gidana, da suka yi ciniki mai mashin yace miya, shi kuma yaji an ce masa ɗari sai murna wai ashe garin nan araha, suna isowa ya zaro 'yar ƙwandalar 100 ya miƙa yana godiya. Sai da na fito da gajeren wando na raba su, mai mashin yana rantsuwa da Larabci baƙona yana rantsuwa da Fillanci, kowa da gaskiyarsa. Ka riƙe wannan: duk lambar da kaji da Larabci ka ninka ta sau biyar, ko kuma ka ɗauka dala aka ce maka shikenan.

Yanzu kar. Ita hanyarta sananniya ce, kan gudoro wato kwalta take bi, daga wata tasha zuwa wata, kuma kusan duk layukan ko dai su ƙare a wajen babbar kasuwa da kasuwar hatsi, ko su ratsa ta Dembe. Dembe ɗin nan ka haddace sunanta don ita ce cibiya, masu zuwa Shaguwa da Waliya da Gasi da Habbena duk a nan ake cakuɗewa. Ba allo, ba lamba a goshin mota, yaron motar ne wanda ake ce ma komi ko aparanti yake rataye a ƙofa yana kiran sunan unguwa, Dembe Dembe Dembe, suk suk suk, Waliya Waliya. Kunne zaka buɗe. In zaka sauka kace agif hini, wato tsaya nan, ko ka ƙwanƙwasa jikin motar, shi kuma ya buga rufin da ƙwandala direba ya taka burki, ba wani wajen tsayawa na musamman, duk inda ka nuna nan ne.

Daɗinta ɗaya ne amma babba ne, araha. Ni daga bakin gudoron Digel zuwa kasuwa 200 nake biya, wani lokacin da yamma 250, in tafiyar gajera ce 100 ko 150. Ba abun hawan da zai kaika nisan nan a wannan kuɗin. Kuma ba ciniki, abun da na kusa da kai ya biya shi zaka biya, ba wanda zai kalli takalminka ko yaji harshenka na baƙo ya ƙara maka. Wannan ga sabon zuwa ba ƙaramin abu bane.

Amma fa araha bata ado. Kujerar mutum uku huɗu ake zama, in anga akwai siriri a layin a ƙara yaro. Akwai kuma wani ɗan benci bayan direba da ake zama ana kallon sauran fasinja, gwiwarka cikin gwiwar wani, kuma dayake injin Hiace a ƙarƙashin kujerun gaba yake, wajen nan a watan Afrilu da ƙarfe biyu na rana kamar ka zauna a kan tanda. Zafin garin nan daga Maris zuwa Mayu yana wuce digiri 40 hankali kwance, kai ɗan Garwa ne ka san zafi ba sai an baka labari ba, amma zafin cikin kar da take tsaye tana jiran cika wani abu ne daban. Rannan na shiga wata a Dembe, a gefena wata baiwar Allah da roba cike da kifin Shari ta ɗora a cinya ruwan na ɗiga a kan ƙafata, a gabana wani dattijo da kaji biyu a ɗaure, gilashin gefenmu baya buɗewa an ɗaure shi da waya, komi ya nannaɗe takardun 500 a tsakanin yatsunsa yana ta kiran mutum ɗaya ya rage, mutum ɗaya ya rage, alhali mu mun san ko allura ba inda zata shiga. Minti ashirin muna nan. Dattijon yace ɗana in mutum ɗayan nan bai zo ba ni zan biya kuɗinsa mu tafi kafin kajin nan su gasu, duk motar aka kwashe da dariya har direba. Irin wannan kam a kar kawai zaka samu, kuma a nan na koyi rabin Larabcin da nake ji.

Babbar matsalarta lokaci. Bata tashi sai ta cika, in ta tashi kuma duk taku kaɗan a tsaya a sauke a ɗauka. Tafiyar da mashin zaiyi a minti goma sha biyar ita sai ta cinye minti arba'in ko fiye. Da safe tsakanin shida da rabi zuwa takwas in gidanka a tsakiyar layi yake ba a bakin tasha ba, sai kaga biyar sun wuce ka a cike, ta shida ka shiga da kokawa. Da yamma in an tashi kasuwa haka. Shi yasa nake ce ma duk mai buɗe shago, kayi asuba ka karya da wuri ka fita kafin 'yan makaranta da ma'aikata su fito, minti talatin ɗin nan shine bambanci tsakanin zama a gaba kusa da direba da kuma rataya.

Sai wata dabara da direbobi sukeyi in fasinja sunyi yawa ko mai yayi wuya, su yanka hanya biyu. Maimakon ya kira kasuwa kai tsaye sai ya kira Dembe, kowa ya sauka ya biya, motar nan dai ita ce zata sake kiran kasuwa ka sake biya. Abun ya ƙara yawa tun watan Fabrairun 2024 da gwamnati ta ɗaga litar esansi daga 518 zuwa 730, gazuwal kuma daga 700 zuwa 828. Abun haushin shine muna da matatar mai a Jarmaya nan arewa da gari tun 2011, amma duk lokacin da aka tsayar da ita don gyara sai layi ya dawo gidajen mai, masu sayarwa a kwalba a bakin titi su ci kasuwarsu, mu fasinja mu biya. Nima dai bana ganin laifin direban duka, shima da yamma sai ya kai ma mai mota kuɗinsa cif ko anyi ciniki ko ba'a yi ba.

Maganar canji kuwa, don Allah ƙanena kada ka shiga kar da sassafe da takardar 5,000. Ko jaka guda ma, wato 1,000, sai komi ya harare ka. Ƙarancin silalla tsohon ciwo ne a nan kamar dai Kamaru, ko sabbin da BEAC ta fitar a 2025 har da ta 200 basu gama wadatar da mutane ba. In babu canji komi ɗaura muku aure zaiyi, wato ya haɗa ka da wani fasinja da baka taɓa gani ba ya miƙa muku 500 guda yace ku raba, motar ta wuce ta barku a bakin titi kuna neman mai goro ko mai ruwan leda ya fasa muku. Ni duk dare in na dawo nake ware 'yan silallana na gobe in zuba a aljihun gaba daban, waya kuma a aljihun da hannuna yake kai, don a turmutsitsin shiga mota ne ake zare ta ba a cikin tafiya ba.

Kalando kuma, wato mashin ɗin haya, wannan ka san shi ba sai na tsaya dogon bayani ba. Sunan daga kalandestan ya fito na Faransanci, wai na ɓoye, amma yau ba abun da ya kaisu fitowa fili, kowane karfur wato mararraba suna nan a jere ƙarƙashin bishiya. Shi daga ƙofa zuwa ƙofa ne, baya jiran kowa, yana kutsawa ta cikin cunkoso, kuma shine kaɗai zai shiga lungunan da babu gudoro, waɗanda kuwa sune mafi yawan garin. Wannan shine ƙarfinsa na gaskiya ba saurin ba. Kar zata ajiye ka a bakin kwalta ne, in gidanka yana can ciki tafiyar minti ashirin a ƙasa, toh ko ka taka ko ka kira kalando.

Kuɗinsa kuwa ciniki ne, kuma a gama shi kafin ka ɗaga ƙafa ka hau. Gajeriyar tafiya cikin unguwa 250 nake bayarwa, in da ɗan nisa 500, daga gidana har kasuwa sukan ce jaka guda mu tsaya a 750. Da dare ko in hadari ya haɗu sai abun da bakinsu ya faɗa. Kuma in yaji Larabcinka na koyo ne zai gwada ka, ba mugunta bace kasuwa ce, kai ma a shago haka zakayi. Wani abun kuma da yawansu samari ne da suka shigo daga ƙauye ko ɗalibai da masu digiri da aiki bai samu ba, wani bai fika sanin garin ba, zai ce maka ya sani ya sani sai kun yi nisa ya fara tambayar masu shayi. Ka koyi kwatance da abun da kowa ya sani, babban masallaci, Tasha Musoro, rampuwan wato shataletalen Hamama, titin arba'in, gadar Shaguwa, don sunan titi na takarda ba mai amfani dashi.

Bari in maka lissafin da ni nayi ma kaina, a kwana 26 na fita kasuwa. In kar zalla ce zuwa da dawowa 400 a rana, a wata 10,400, jaka goma da 'yan kai. In kalando zalla ne 1,500 a rana, a wata 39,000. Ka duba tazarar nan da kyau, kusan jaka ashirin da tara, wannan kuɗin a wasu unguwannin ya isa hayar ɗaki har da ragowar na shayi. Abun da ni nakeyi shine da safe da sanyi in taka zuwa gudoro in hau kar 200, da yamma in na gaji in hau kar 200 in sauka in ƙara 250 kalando ya shigar dani gida, 650 kenan a rana, 16,900 a wata. Ranar da nake da ƙarfi ko aljihu ya yi sanyi in taka duka.

Amma ba kuɗi kaɗai ne ya sa na rage hawa kalando ba. Jikinka ne bodin motar. Na taɓa faɗuwa sau ɗaya a wani karfur, ba gudu ma mukeyi sosai ba, yashi ne ya taru a gefen kwalta mai mashin ya taka burki tayar gaba ta zame, na tashi da gwiwa a ɗaye da ƙunar salansa a ƙauri, sati biyu ina sallah a zaune, kuma abun da na kashe a magani yafi kuɗin kar ɗina na wata. Wannan ma Allah ya taƙaita ne. Kaske kuwa, wato hular kwano, kusan ba mai baka, a 2015 da aka ce dole kowa ya sa, kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi a kasuwa ɗalibai suka fito zanga-zanga har aka rufe makarantu na ɗan lokaci, daga baya abun ya lafa kowa ya koma yadda ya saba. In har ka san zaka riƙa hawa kullum ka sayi naka, ka jure ma dariyar abokai. Kuma kada kaji nauyin ce masa ya rage gudu, in yaƙi kace ya sauke ka, ka bashi na inda ya kawo ka.

Ga 'yan uwa mata masu karanta wannan, Hajiya don Allah in za'a hau mashin a tattare lafaya ko hijabi a riƙe a cinya, bakin zane in ya shiga cikin taya ko sarƙa kafin mai mashin ya ankara an riga an faɗi. Ni iyalina na fi son su hau kar ko da zasu daɗe, in kuma da goyo ne ko tsohon ciki toh taksi, ba'a ma maganar mashin.

Taksi ita ce ta tsakiya, kuma kala biyu ake hawanta. Akwai ta haɗaka da zaka tsayar ka faɗi inda zaka, in hanyarsa ce ya ɗauke ka tare da wasu, kuɗin ya ɗan ɗara na kar kaɗan, mutum biyu a gaba huɗu a baya. Akwai kuma kurs, wato ka ɗauke ta kai kaɗai ta kaika har ƙofa, wannan kam daga jaka biyu zuwa sama ake magana gwargwadon nisa da kaya da kuma bakinka. Gaskiya ni taksi ta haɗaka bata burge ni, matsin kusan ɗaya ne da kar, motocin da yawa sun tsufa, kuma ba ko'ina suke yawa ba, sunfi zagaye tsakiyar gari. Amma kurs tana da ranarta. Ranar da zaka kai mara lafiya asibiti, ranar da Inna zata zo duba ka ka ɗauko ta daga tasha da buhunan tsarabarta, ranar da zaka filin jirgi na Hasan Jamus da akwati, ko ku huɗu zaku gaisuwar mutuwa wata unguwa mai nisa, in kuka raba kuɗin sai kaga yafi kowa ya hau kalandonsa sauƙi. In ka samu direba mai kirki ka karɓi lambarsa ka ajiye, wata rana ƙarfe biyun dare zaka neme ta.

Kayan shago kuma daban ne, kada ka wahalar da kanka. Katon ɗaya ko biyu komi zai tura maka ƙarƙashin kujera ko ya ɗora a sama ya caje ka kuɗin mutum ɗaya, in yafi haka ka nemi mai pus-pus ko mai babur ɗin kaya mai ƙafa uku. Rakca kuwa, wato mai ƙafa uku irin ta Abeshe da ake ɗaukar mutane, ba ita ce abun hawan nan ba.

Duk wannan da na faɗa lissafin rani ne. Damina in ta sauka, daga Yuli zuwa Satumba musamman, komai sai ya juye. Garin a shimfiɗe yake ba gangara, ƙasar kuma yumɓu ce mai danƙo, ruwan awa ɗaya sai lungu ya koma tafki, taɓon ya kama takalmi sai ka fito da ƙafa ka bar silifas a ciki. Lokacin ɗan kalando sarki ne, inda kake biyan 250 zai ce 500 kuma ya sauke ka inda yaga dama yace gaba ba hanya, wani lungun ma ko nawa zaka bashi bazai shiga ba. Kar ita tana kan kwaltarta tana tafiya, aikinka shine ka iso gareta, shi yasa zaka ga manyan mutane da shadda sun naɗe wando zuwa gwiwa takalmi a leda, in sun iso gudoro su sayi ruwa su wanke ƙafa su sa. A 2022 da Shari da Logon suka cika suka tumbatsa a watan Oktoba, mutanen Waliya da Tukra da kwalekwale suka riƙa fita daga gidajensu, 2024 ma ruwan bai raga ma ƙasar ba. Da hunturu kuma ƙura ce, a kan mashin zaka iso kasuwa gira da gemu sunyi fari kamar ka kwana a injin niƙa, nan ma kar ta fi, ko ba komai akwai rufi. Ka nemi rawani irin na mutanen nan, ba ado kawai sukeyi dashi ba.

Wanda zai zauna ƙetaren kogi kuma akwai maganar gada. Duk mai fitowa daga Waliya da Tukra da Ngeli ta gadojin Shaguwa zai bi, ga manyan motocin kaya da suke shigowa daga Kamaru ta Ngeli tunda yawancin kayan ƙasar nan daga tashar jirgin ruwan Duwala suke tahowa. Da safe da yamma wajen nan cushewa yakeyi, a nan kam kalando yana cin kar nesa ba kusa ba, kana zaune a mota kana kallon mashina suna wuce ka kamar ƙudaje. Haya tafi sauƙi a can shi yasa baƙi suke rugawa, amma abun da ka rage a haya gada da damina zasu karɓe. In kuma Kuseri zaka leƙa sayayya ko gaida dangi, kar zata kaika har Ngeli da araha, daga nan ka ƙetara gadar Logon, ka riƙe katin shaidarka kuma ka dawo da rana tsaka-tsaki kada ka bari yamma tayi maka a can.

Dare ma nashi hukuncin daban. Bayan isha kar ta fara ƙaranci, can anjima babu ita sam, sai kalando, shi kuma da dare kai kana tsoronsa shi yana tsoronka tunda suma ana ƙwace musu mashina. In dole ne ka fita ka hau na karfur ɗin unguwarku wanda aka san fuskarsa, ba wanda ya tsaya maka a duhu ba. Ni akwai yara biyu a bakin layinmu da na saba dasu, har bashi suke min in ba canji. Takardunka kuma kullum a jikinka, ana tsayarwa a duba, kuma in kun biyo ta wajen fadar shugaban ƙasa ba'a tsayawa ba'a ɗaga waya ɗaukar hoto, ko mai mashin ma zai faɗa maka. Ranar Juma'a kuma wajajen babban masallacin Sarki Faisal da ke jikin kasuwa, daga sha biyu hanya ta fara toshewa, ko ka fita kafin nan ko ka zauna kayi sallarka a nan.

Nasan zaka ce toh Yaya me zai hana in sayi mashin ɗina in huta. Zaka saya in sha Allah amma ba a shekarar farko ba. Sai ka san gari, ka san yadda ake tuƙi a nan don rampuwan ɗinsu sai wanda ya saba, ka san inda zaka ajiye shi a kasuwa da wanda zai tsare maka, ga takardu ga mai ga gyara ga ɓarayi. Ka bari jarinka ya tsaya tukuna.

Don haka abun da zan ce maka ƙanena, kar ce abun hawanka na yau da kullum, kalando na cikon hanya ne da ranar da ka makara ko ubangidanka ya aike ka da gaggawa, taksi kuma sai ta kama. Ka ware jaka goma sha biyar zuwa ashirin a wata zasu riƙe ka in baka da yawon dare. Kuma tun kafin ka biya kuɗin ɗaki, kada ka tsaya kallon fenti da siminti, ka fito ƙofar gidan ka taka da ƙafarka zuwa inda kar take wucewa kana duba agogo, in yafi minti goma ka sake tunani, sannan ka dubi jikin katangar maƙwabta daga ƙasa, in kaga layin da ruwan bara ya bari ya kai gwiwa ka ba dillali haƙuri ka wuce. Akwai wani ɗaki da na gani nan bayanmu kusa da gudoro, na ce ma mai gidan ya ɗan jira ni zuwa ƙarshen wata, in ka sa ranar tahowa ka faɗa min da wuri in zo Ngeli in tare ka, kuma ka taho min da kilishi da man shanun da Inna tayi alkawari.